Babi na Bakwai: Rubutun Jikin Kwalin Shayi

A Ibohamane, kamar ko'ina cikin ƙasar Adar, ba a zaman hira babu shayi. Da la'asar sakaliya, idan masu aikin fadama suka hauro daga wajen baraji, sai a jawo ɗan murhun waya, a zuba gawayi, a ɗora ƴar buta. Na fari ɗaci, na biyu daidai baki, na uku kuwa sukari ne zalla, shi ake miƙa wa yara. Kwalin da ganyen ya zo a ciki ba mai kallonsa sau biyu. Ko a yage shi a hura wuta, ko wani yaro ya ɗauke ya ƙera mota. Ni ma na yi shekaru ban kula ba, sai ranar da na juya wani kwali na ga, a ƙarƙashin Faransanci da Larabci, wani ɗan zane kamar rumbu da aka ɗora wa ciyawa a ka: 茶.

Ja tara ake yi da alƙalami kafin ya kammala, kuma kowane ja da lokacinsa, ba a fara na ƙasa kafin na sama. Sinawa na karanta shi "ca", da murya mai hawa kamar ta mai tambaya. Wannan "ca" ce ta bi hanyar tudu ta shiga Farisa ta zama "cay", Larabawa suka ce "shay", mu kuma muka karɓa daga bakinsu muka ƙara mata wasali. Can gaɓar teku kuma, a lardin Fujiyan, wannan zane dai "te" ake ce masa. Da shi jiragen Holanda suka tafi Turai, Faransawa suka rubuta shi "thé". Ke nan ɗan lakkwal na Ibohamane ya riga ya san kalmar Sinanci guda ta hanya biyu: ɗaya daga bakin kakansa, ɗaya daga bakin mushe, malaminsa. Abin da bai sani ba shi ne karanta ta a rubuce, ko da yake kullum tana hannunsa.

Kakanninmu idan suna son su ce wuri ya yi nisan da ba a zuwa, sai su ce Birnin Sin. Yanzu Birnin Sin ya zo har tsakar gida. Babur ɗin da ke kai albasa kasuwa, salular Tecno ko Itel da ke aljihu, fitilar da ake caji da rana, injin ban-ruwa, duk daga can. Wannan ƙananan kaya ke nan. Manyan kuwa, Nijar ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a 1974, ta yanke a 1992 lokacin da ta koma wajen Taiwan, ta sake ƙullawa a 1996. A 2008 kamfanin CNPC ya karɓi rijiyoyin Agadem, a watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, sannan aka shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya ratsa kudancin jahar Tawa. Japan ma ba baƙuwa ba ce. Wani kamfaninta ya riƙe kashi 25 cikin ɗari na COMINAK, mahaƙar yuraniyom ta Akuta, kuma shirin nan na "makaranta don kowa" da hukumar JICA ta tallafa wa, wanda ya ƙarfafa kwamitocin iyayen yara na COGES, a jahar Tawa ya soma a 2004.

Kowace irin wannan harka da takarda take tafe, kowace takarda kuma da tafinta. Tambayar da ta dame ni ita ce: tafintan na wa ne?

Su dai can sun daɗe da shiri. Ranar 1 ga Yuni 1963 gidan rediyon Bejin ya fara watsa shiri da Hausa, kuma tun cikin shekarun 1960 ake koyar da ita a Jami'ar Harsunan Waje ta Bejin. Ɗalibansu har sunayenmu suke ɗauka, ka ji Basine ya ce shi ne Bello, Basiniya ta ce ita ce Kande. A Koriya ta Kudu, Jami'ar Hankuk na koyar da Hausa tare da Suwahili da Zulu. A Tokiyo, wani malami mai suna Shuji Matsushita ya yi shekaru yana aiki kan Hausa, shi ne ma ya ɗora ƙamusun Bargery na 1934 a intanet, wanda ɗalibanmu ke buɗewa yau ba tare da sun san hannun Bajapane ne ya kai shi can ba. Da ɗan gari akan ci gari, su kuwa ba su jira ɗan gari ba, nasu suka horar.

Mu fa? A Najeriya an buɗe cibiyoyin koyar da Sinanci na Confucius a Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka da Jami'ar Legas wajen 2008 da 2009, kuma Legas na ba da digiri kan nazarin Sin. Duka biyun a kudu suke, alhali Kantin Kwari, inda atamfar Sin ta cika rumfuna, a Kano yake. Ɗan Nijar kuma, babbar hanyarsa ita ce buris: ya ci bak, ya bi ta hukumar ba da buris ta ANAB ko ta ofishin jakadanci a Yamai, idan Allah ya sa sunansa ya fito ya hau jirgi. A taron Sin da Afirka na 2018 gwamnatin Bejin ta yi alkawarin guraben karatu 50,000 ga nahiyar. Yawancin masu tafiya ba harshe ya kai su ba; likitanci ne, ko injiniyanci, ko ilimin ƙasa. Amma kafin su taɓa littafin fanninsu sai sun yi shekara guda cur ba abin da suke yi sai Sinanci. Wannan tsari tsoho ne. Jami'ar Harshe da Al'adu ta Bejin, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1962, daga wani ofishi da aka buɗe wa ɗaliban Afirka a 1960 ta samo tushe.

To, me yaron Adar zai tarar a wannan shekara ta fari?

Abu na farko karin sauti ne, kuma a nan ne Bature ke zufa. Sinancin Bejin na da karin murya huɗu. Gaɓar "ma" idan ta tsaya sama ɗoɗar, uwa ce. Idan ta hau, wani irin rama ne. Idan ta nutse ta taso, doki. Idan ta faɗo da ƙarfi, zagi. Wanda ya tashi da Faransanci ko Ingilishi sai ya yi watanni kunnensa bai raba su ba. Bahaushe kuwa da wannan aka yaye shi, bai dai sani ba, don rubutun boko ba ya nunawa. Wa ya taɓa rikita kukan jariri da kukar miya? Wa ya ce wuyansa na ciwo aka ɗauka wuyar rayuwa yake nufi? Baba mahaifi, baba ƴar'uwar uba, da baba na marina, harufansu ɗaya, murya ce ta raba su. Ba na cewa karin namu da nasu ɗaya ne. Mu sama da ƙasa da faɗuwa muke da su, mai hawa da mai nutsewa sai an koya. Amma kunnen da ya riga ya yarda cewa murya na sauya ma'ana ya yi rabin tafiya. Ga ɗan kasuwa ma abin ba na wasa ba ne: "mai" mai nutsewa saye ne, "mai" mai faɗuwa sayarwa. A rubuce ma ɗan kan da ke bisa ne kawai ya raba 买 da 卖.

Nahawun kuwa, duk wanda ya sha bulala kan jujjuya fi'ilin Faransanci zai yi ajiyar zuciya. Fi'ilin Sinanci ba ya sauya kama, jiya da yau da gobe duk siffa ɗaya. Babu namiji da mace a suna, "shi" da "ita" a baki duk "ta" ne, kuma jimla na tafiya kamar tamu: mai aiki, aiki, abin da aka aikata. Ɗalibansu masu koyon Hausa ne abin tausayi, ranar da aka gaya musu jam'in gida gidaje, na doki dawaki, na sa kuma shanu.

Sai rubutu. Nan ne ake sanin na ƙwarai.

Sinanci ba shi da abacada. Akwai wata hanya ta rubuta lafazi da haruffan Latin, pinyin, da aka amince da ita a 1958, amma tsani ce kawai, ba a rubuta jarida ko kwangila da ita. Kowace gaɓa da zanenta, kuma jerin da gwamnati ta fitar a 2013 ya sa zane 3,500 a matakin farko, wato na yau da kullum. Jarrabawar HSK da ake auna baƙi da ita, a tsarinta na 2010, daga kalma 150 take farawa. Mataki na huɗu, wanda jami'o'i da yawa ke nema kafin su ba mutum kujera, 1,200 ne, na shida 5,000. Makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta wa mai jin Ingilishi awa 600 zuwa 750 kafin ya iya Faransanci, amma awa 2,200 ga Sinanci da Japananci da Koriyanci. Na yi murmushi da na ga wane harshe suka haɗa da waɗannan a rukunin masu wuya: Larabci.

Dalilin murmushin shi ne, na san yadda ake koyon zanen nan, kuma na san inda na taɓa ganin irinsa. Ana ba ɗalibi takarda mai gidaje murabba'i, ya rubuta zane guda sau ashirin, sau talatin, yana faɗarsa da baki, gobe malami ya yi shifta, wanda ya manta ya koma baya. Babu dabara, babu gajeriyar hanya, maimaici ne har hannu ya haddace kafin kai. Duk wanda ya zauna gindin wutar kara da asuba da allo a cinya, ya rubuta, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa, ya san wannan rayuwa. Hatta tawadar gargajiya tasu da tamu dangi ne: su baƙin hayaƙi suke haɗawa da danƙo, mu mu haɗa da ƙaro. Makarantar boko ta koya mana raina hadda, a ce karatun aku ne. Ga shi ƙasashen da ke ƙera mana waya da mota da hadda suke fara tarbiyyar ƴaƴansu. Allo ba zai rage wa yaro zane ko guda ba, Larabci harafi 28 ne kacal. Abin da zai ba shi shi ne haƙurin zama, wanda shi ne ainihin kuɗin shiga.

Akwai wani abin da zai ba ɗalibinmu mamaki idan ya isa. Zai fita neman abincin halal, a ce masa ya duba shagon da aka rubuta 清真 a ƙofarsa, galibi da koren allo. Ciki zai tarar da masu farar hula suna jan taliya da hannu. Musulmin ƙabilar Hui ne, sun haura miliyan 10, kuma kakanninsu sun daɗe suna rubuta Sinanci da haruffan Larabci, abin da suke kira siyaw'arjin. Ajami ke nan, babu ragi. Matsalar da malaman Sakkwato da Katsina suka warware da ƙarin ɗigo don rubuta sautin da Larabci ba shi da shi, ita malaman lardin Gansu suka warware, kowa bai san da ɗan'uwansa ba.

Wannan kamanci shi ne ƙofar fahimtar sauran harsunan yankin. Yadda Larabci ya zama harshen littafi daga Tumbuktu har Borno, haka tsohon Sinanci na littattafai ya zama wa Japan da Koriya da Biyetnam ɗaruruwan shekaru. Malami ya rubuta da shi, ya yi hira da harshen uwarsa. Japanawa suka gutsuro wasu zane suka sauƙaƙa, suka sami jerin gaɓoɓi biyu, hiragana da katakana, kowanne 46, amma ba su yar da na Sin ba: har yau zane 2,136 ne a jerin da hukuma ta tsayar a 2010, kuma a jimla ɗaya sai ka ga rubutun uku sun cakuɗe. Lafazin kuwa kamar don Bahaushe aka yi shi. Wasula biyar ne irin namu, akwai ja akwai taƙaitawa, akwai ɗauri. "Obasan" gwaggo ce, ka ja wasalin ka ce "obaasan" ta zama kaka, daidai da yadda gari na mutane ya bambanta da garin tuwo. Wuyar Japananci tana wajen ladabi, domin fi'ili kansa na sauyawa gwargwadon girman wanda ake magana da shi. Mai cewa "ranka ya daɗe" ba zai rasa gane manufar ba. Koriya kuma sarkinta Sejong ne ya sa aka ƙirƙiro mata haruffa a 1443, aka bayyana su a 1446. Yau 24 ne, mai ƙwazo zai iya haɗa baƙi cikin kwana biyu. Malaman fada na lokacin sun raina su, suka ce rubutun mata da jahilai ne, irin kallon da wasu suka daɗe suna yi wa ajami. A Japananci da Koriyanci fi'ili ƙarshen jimla yake zuwa, abin da Babarbare ba zai ga baƙonsa ba.

Wanda yake ganin duk wannan tatsuniya ce ya dubi Oussouby Sacko. Ɗan Bamako ne, an haife shi a 1966. Buris ya kai shi Sin a 1985, ya yi shekararsa ta harshe a Bejin, ya karanta zanen gine-gine a Nanjin, ya wuce Japan a 1991 ya sake sabon harshe daga tushe, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kiyoto. A 2018 ya zama shugaban Jami'ar Kiyoto Seika, ɗan Afirka na farko da ya shugabanci jami'a a Japan. Abin lura a tarihinsa shi ne bai tafi da harshe tsirara ba. Da sana'a ya haɗa.

Wannan ce shawarar da zan ba duk yaron da ya tambaye ni. Digirin harshe kaɗai yakan kai mutum ga aikin tafinta a wurin gini ko haƙar mai, kuma wannan kujera ce mai ƙaya. Maigida na zarginka da sassauta umarninsa, ƴan'uwanka leburori na kiranka ɗan koren baƙi. Albashi ya yi jinkiri kai za a tare, don kai ne mai bakin da ake ji. Wanda ya haɗa Sinanci da shari'a, ko lissafin kuɗi, ko ilimin ma'adinai, shi ne zai zauna a teburin da ake rubuta sharuɗɗa, ba a bayan kujerar wani ba. A watan Maris na 2025 hukumomin Yamai suka sallami wasu shugabannin kamfanonin mai na Sin su uku, kuma cikin ƙorafin har da tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Ko mutum na goyon bayan matakin ko ba ya yi, irin wannan taƙaddama cikin takardu take kwance tun ranar sa hannu.

Shi ya sa ban gamsu da a bar wa cibiyoyin Confucius aikin duka ba. Tun da aka buɗe ta farko a Seul a 2004, da ta farko a Afirka a Nairobi a 2005, sun koyar da dubban mutane, ba a raina musu. Amma da kuɗin Sin da malaman Sin suke tafiya, kuma ba mai sayar da nono da zai ce nasa ya yi tsami. Faransa ta kafa kujerar koyar da Sinanci tun 1814 da malaminta, Abel-Rémusat, don amfanin kanta, ba don Bejin ta roƙa ba. Da ni ake shawara, a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa zan so in ga sashe mai ƙarfi na harsunan gabashin Asiya, da malamai ƴan ƙasa, masu karanta jaridun can da dokokin can su gaya mana abin da ake faɗa a kanmu. Tunda kundin mulkin Nijar na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, sai a yi ƙamus daga Sinanci zuwa Hausa kai tsaye, a daina zagayawa ta Faransanci. Su ai sun yi nasu ɓangaren.

Wani zai ce Adarawa ba su taɓa jiran jami'a kafin su koyi harshe ba. Gaskiya ne. Ɗan cin rani ya dawo daga Abijan da Julanci, daga Legas da Yarbanci, daga Libiya da Larabcin titi, kuma matan da suka ɗauki duwatsu a aikin raya karkara na Keita tun 1984 sun yi hulɗa da Italiyawa ba da ƙamus ba. Alhazanmu da ke zuwa Gwanzu da Yiwu ma haka: lissafi a kan kalkuleta, kalma talatin ta ciniki, sai manhajar fassara a waya. Da wannan ana sayen kwantena. Abin da ba a yi da shi shi ne karatu.

Na zauna da wani ɗan kasuwa daga yankin Madawa da ya sayo injinan ban-ruwa. Ya fito da takarda shafi biyu daga jakar leda, da jan hatimi zagayayye a ƙasa, da sa hannunsa kusa da shi. A baki, in ji shi, sun yi da mai masana'antar cewa duk injin da ya lalace cikin shekara za a musanya. Goma sha ɗaya sun tsaya tun kafin a cire albasar fari. Ya ɗora wayarsa kan takardar, fassarar ta fito da wani Faransanci mai kama da maganar barci. Daga ƙarshe ya ɗauki hoto ya aika wa ɗan wani maƙwabcinsa da ke karatun likita a can. Mu muna sallar isha'i, su ƙarfe uku na dare ta wuce, don awa bakwai ke tsakani, sai muka kwana jira. Da hantsi saƙon murya ya shigo. Yaron ya gaishe shi, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce: "Baba, shekara ɗaya tana nan a layi na takwas, ba su yi maka ƙarya ba. Amma layi na tara ya ce kai za ka mayar da injin har ƙofar masana'anta, da kuɗin jirginka."